Amsoshin Wasiƙunku: Shirin Gwajin Zama Matuƙin Jirgin Soja

Duk shekara, da zarar an fara maganar cike fom na Kwalejin Horas da Hafsoshin Soja da ke Kaduna, wato NDA, wasiƙun da ke zuwa wannan fili sukan karkata wuri guda, kuma bana ma haka aka yi. Na ware huɗu daga cikinsu domin amsarsu za ta wadatar da sauran.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na babbar sakandare a Zariya. Gidanmu ba shi da nisa da kwalejin koyon tuƙin jiragen sama, kuma tun ina ƙarami nake ɗaga kai ina kallon ƙananan jiragen ɗalibai suna kewaya gari. Burina shi ne in tuƙa jirgin sojan sama. An ce mini akwai gwaji na musamman da ake yi wa masu son tuƙi. Mene ne a cikinsa, kuma wane littafi zan haddace?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya cika maka burinka da alheri. Da farko ya kamata ka san cewa kwalejin da ke kusa da ku, wadda aka kafa a 1964, ta farar hula ce, tana yaye matuƙan jiragen fasinja da injiniyoyi da masu kula da zirga-zirgar jirage. Wanda yake son tuƙa jirgin soja sai ya fara zama hafsa, kuma babbar hanyar ɗan sakandare ita ce NDA. Zai rubuta jarrabawar JAMB ya sa NDA a zaɓin farko, ya ci jarrabawar tantancewa ta kwalejin, sannan ya bayyana gaban kwamitin zaɓe na sojoji, inda ake duba lafiyarsa da ƙarfin jikinsa, a kuma gana da shi ido da ido. Sharuɗɗan shekaru da tsayi da yawan maki suna cikin sanarwar kowace shekara, kuma sukan ɗan sauya, saboda haka ta bana za ka karanta da kanka maimakon dogaro da abin da yayanka ya tarar a zamaninsa.

Ko bayan an shiga ɓangaren sojan sama, ba kowa ne ke hawa jirgi ba, domin rundunar tana bukatar injiniyoyi da masu kula da makamai da kayan aiki. Waɗanda aka zaɓa don tuƙi sukan fara a makarantar koyon tuƙi ta 401 da ke Kaduna, inda ake amfani da ƙananan jirage irin su Super Mushshak ƙirar Pakistan. Daga nan masu tafiya ɓangaren jiragen yaƙi sukan wuce makaranta ta 403 a Kano, inda jiragen L-39ZA suke, masu jirage masu saukar ungulu kuwa su nufi Inugu, wasu kuma a tura su ƙasashen waje.

Dalilin gwajin kuwa shi ne tsadar horo. Kowace awa da ɗalibi ya yi a sama tana cin mai da kayan gyara da lokacin malami, kuma idan ya gaza bayan wata shida, duk wannan ya tafi a banza, idan ma ba a yi asarar rai ba. Wannan matsala ce ta sa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojin saman Amurka suka ɗora wa wani masanin halayyar ɗan Adam, John Flanagan, aikin tsara gwajin da zai nuna tun daga ƙasa wanda zai iya da wanda ba zai iya ba. Sun riƙa ba da maki daga 1 zuwa 9, kuma suka ga cewa masu ƙaramin maki su ne aka fi sallama daga makarantun tuƙi. Daga irin wannan aiki gwaje-gwajen yau suka samo asali. A Ingila ana zaunar da mai neman shiga gaban kwamfuta a kwalejin sojin sama ta Cranwell kusan yini guda. A Amurka ana haɗa jarrabawar rubutu ta AFOQT da gwajin TBAS, wanda ake yi da sandar tuƙi da fedar ƙafa da abin sauraro a kunne. A Indiya kuwa gwajin da suke kira CPSS sau ɗaya ake yin sa a rayuwa, wanda ya faɗi ba shi da damar maimaitawa. Sunaye sun bambanta, amma abin da ake nema kusan ɗaya ne a ko'ina, kuma babu littafin da hadda tasa za ta ba ka shi, domin ana auna yadda kwanyarka da idonka da hannunka suke aiki tare lokacin da aka matsa maka.

Abu na farko da za ka iya gyarawa tun yau shi ne yin lissafi da ka, ba tare da takarda ko kalkuleta ba. Na shafe shekaru ina koyar da lissafi a sakandare, kuma abin da ya fi ba ni takaici shi ne ganin yaro mai ƙoƙari yana laluben waya domin ya raba 90 gida uku. Tambayoyin matuƙa sun fi kewaya gudu da nisa da lokaci da man jirgi. A sama ana auna nisa da mil na teku, wanda ya yi daidai da kilomita 1.852, kuma dabarar ita ce ka mayar da gudun awa zuwa gudun minti. Jirgin da ke yin mil 120 a awa yana cin mil 2 a minti, mai yin 180 yana cin 3, mai yin 420 yana cin 7. Idan aka ce saura mil 90 kuma kana gudun 180, amsar minti 30 ya kamata ta faɗo maka kafin mai tambaya ya rufe baki. Idan aka ƙara da cewa jirgin yana shan lita 240 a awa, ka san lita 120 kake bukata. Akwai kuma ƙa'idar ɗaya cikin sittin, wadda ke cewa idan ka kauce daga hanya da digiri ɗaya, bayan mil 60 za ka tarar kana nesa da inda ka nufa da kimanin mil ɗaya.

Sai sanin alƙibla. Da'irar kamfas tana da digiri 360: gabas 090, kudu 180, yamma 270, arewa 360. Ka saba da juya alƙibla zuwa kishiyarta cikin ƙiftawar ido, ta hanyar ƙara 200 ka cire 20, ko ka cire 200 ka ƙara 20, ta yadda 070 zai zama 250. Lambobin da ake rubutawa a bakin titin saukar jirage daga nan suka fito. Titin filin jirgin Abuja 04 ne ta gefe ɗaya, 22 ta ɗaya gefen, wato kimanin digiri 040 da 220, babban titin Kano kuwa 06 da 24. Za a kuma nuna maka hoton agogunan cikin jirgi, musamman wanda ke nuna sararin sama da launin shuɗi da ƙasa da launin ƙasa-ƙasa, a ce ka zaɓi hoton jirgin da ya dace da shi, ko yana hawa, ko yana gangarowa, ko ya karkata dama. Yawancin masu farawa sukan ruɗe a nan, domin layin da ke wakiltar iyakar sama da ƙasa yana karkata ne kishiyar inda jirgin ya karkata. Ka naɗa jirgin takarda ka riƙe a hannu, ka riƙa karkata shi kana zana abin da agogon zai nuna har abin ya zauna maka.

Abin da ya fi kayar da mutane, wanda kuma na fi so ka ba shi lokaci, shi ne raba hankali. Za a ba ka sanda ka riƙe wani ɗigo a tsakiyar allo yana ƙoƙarin zillewa, ƙafarka tana kan feda tana daidaita wani layi, a kunnenka ana karanto lambobi ana so ka danna maɓalli idan ka ji wata lamba ta musamman, sannan can a kusurwar allo lissafi ya bayyana yana jiran amsa. Idan kana son ganin wannan baiwa a zahiri, je ka zauna a teburin mai shayi da sassafe lokacin da benci ya cika. Ƙwai yana kan wuta, yana sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi, wani ya ce nasa kada a sa sukari, wani ya miƙo naira dubu a kan cinikin ɗari shida da hamsin, kuma sai ya ba da canji daidai, ya juya ƙwan bai ƙone ba, mai ciwon sukarin nan kuma ya sami nasa yadda ya ce. Ka lura da idonsa, za ka ga ba ya zama wuri ɗaya fiye da daƙiƙa biyu, yana kewayawa daga kasko zuwa buta zuwa fuskokin mutane ya dawo. Haka ake koya wa matuƙi ya riƙa kewaya agogunansa, kuma an jera masa abin da ke gaba da wani: riƙe jirgi tukuna, sannan sanin hanya, sannan magana da hasumiyar filin jirgi. A Disamban 1972 wani jirgin fasinja ya faɗi a fadamar Florida ta Amurka, mutum 101 suka rasu, saboda duk waɗanda ke ɗakin tuƙi sun duƙufa a kan wani ƙaramin ƙwan fitila da ya ƙi kamawa, babu wanda ya lura jirgin yana gangarowa. Irin wannan kafewar hankali a kan abu ɗaya ita gwajin yake farauta.

Na taɓa koyar da wani yaro da babu kamarsa a aji wajen lissafi, amma duk lokacin da na sa agogo sai ya maƙale a tambaya guda, yana ciza biro, zuciyarsa ta ƙi yarda ya bar ta ba amsa, har lokaci ya ƙare da rabin takarda fari fat. Abin da muka yi shi ne na ba ƙanensa aikin riƙe agogon waya, duk bayan daƙiƙa 20 ya buga murfin tukunya da cokali, shi kuma dole ya tsallaka tambaya ta gaba ko ya gama ko bai gama ba. Makon farko har kuka ya yi, amma kafin zangon karatu ya ƙare ya koyi sakin abin da ya wuce. Ka sani cewa yawancin waɗannan gwaje-gwaje an tsara su ne su riƙa ƙara wuya har sai kowa ya yi kuskure, kuma ana kallon yadda kake farfaɗowa bayan kuskuren. Ka sami wanda zai riƙa karanto maka lambobi shida ko bakwai ka maimaita su daga baya zuwa gaba, ka yi lissafin gudu da nisa rediyo yana magana, sannan a tambaye ka abin da mai labarai ya faɗa. Minti 30 kullum na wata shida ya fi kwana uku ba barci kafin gwaji. Ka kuma riƙa sauraron Turanci da baki ba a takarda kawai ba, domin da shi za a ba ka umarni, da shi kuma ake magana tsakanin jirgi da hasumiya, kuma ɗalibai da yawa sukan yi asarar maki ne saboda ba su fahimci bayanin farko ba, kunya kuma ta hana su tambaya.

Tambaya: Malam, ni ɗan Kano ne, kuma na ƙware a wasannin kwamfuta. Abokaina sun ce wannan kaɗai ya isa in ci gwajin, mahaifina kuwa ya ce ɓata lokaci ne. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Ɗana, kowannensu ya riƙe wani yanki na gaskiya, amma na mahaifinka ya fi girma. Akwai binciken da wani masani, Daniel Gopher, da abokan aikinsa suka wallafa a 1994, inda aka ba wasu ɗaliban tuƙi na sojin saman Isra'ila horo da wani wasan kwamfuta mai suna Space Fortress, kuma suka fi takwarorinsu ƙoƙari da aka hau jirgi na gaske. Sai dai wannan wasa masana ne suka ƙera shi musamman don koyar da sarrafa hankali, kuma awoyi kaɗan aka yi ana yin sa bisa tsari. Wasan ƙwallo ko na harbi da ake dannawa da manyan yatsu a waya har ƙarfe biyun dare bai yi kama da wannan ba, kuma abin da yake ci na barcinka da karatunka ya fi abin da yake ba ka. Idan kana da halin samun sandar tuƙi ta kwamfuta da manhajar kwaikwayon tuƙin jirgi, ka yi amfani da su minti 20 zuwa 30 a rana, domin hannunka ya saba da cewa jawo sanda baya yana ɗaga hancin jirgi, tura ta gaba kuma yana sunkuyar da shi, ka kuma koyi motsa ta a hankali, da yatsu, ba da ƙarfin damtse ba. Idan babu hali, kada ka damu, domin an tsara gwajin ne don wanda bai taɓa shiga jirgi ba. Ƙwallon tebur da tuƙa keke da wasan ƙwallon ƙafa a fili suna gina haɗin ido da hannu da ƙafa, suna kuma shirya ka don gudun da za a sa ku.

Tambaya: Malam, ni mahaifi ne daga Katsina. Ɗana yana son wannan aiki, amma na lura yana ruɗa ja da kore, kuma rukunin jininsa AS ne. Wani mutum ya ce idan na ba shi kuɗi zai samo mana hotunan gwajin ido yaron ya haddace, ya kuma gyara takardar asibiti. Me ka gani?

Amsa: Alhaji, Allah ya saka maka da alheri da ka tambaya kafin ka miƙa kuɗinka. Ina roƙonka da girman Allah kada ka ba mutumin nan ko kwabo. Hotunan da yake magana a kai faranti ne masu ɗige-ɗigen launi da lamba ɓoye a ciki, waɗanda wani likitan ido ɗan Japan, Shinobu Ishihara, ya fitar a 1917, kuma ba wani sirri ba ne, suna nan a asibitocin ido. Likitan da ya san aikinsa yana iya sauya jerinsu ko ya ƙara da wani gwaji daban, kuma wanda aka kama da takardar bogi ya rufe wa kansa ƙofar aikin soja gaba ɗaya. Amma abin tsoron ya wuce kamu. Kowane jirgi yana da jar fitila a fiffiken hagu, koriya a na dama, fara a wutsiya, kuma da su matuƙi yake gane ko jirgin da ya hango cikin dare yana nufo shi ne ko yana tafiya. Fitilun da ke gefen titin sauka suna nuna ja da fari don a san ko an yi ƙasa da yawa, haka ma gargaɗin cikin ɗakin tuƙi da launi yake zuwa. Idan yaron ya tsallake da hadda, ransa da na wasu ka sa a caca. Makantar launi da aka haifi mutum da ita gado ce da ta fi kama maza, takan zo ta wajen uwa, kuma ba ta da magani, don haka ka kai shi wurin likitan ido a tabbatar tun yanzu, domin wani lokaci ruɗanin sunayen launi ne kawai ba matsalar ido ba.

Batun AS kuwa, kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da shi, kuma yawancinsu lafiya lau suke rayuwa. Abin da ya sa likitocin jiragen sama suke duba shi shi ne iskar shaƙa tana raguwa yayin da aka yi sama, har daga kusan ƙafa 10,000 matuƙi yake bukatar ƙarin iska, kuma a irin wannan hali mai AS yana iya samun matsala, musamman a saifa. Hukuncin yana hannun likitocin runduna bisa ƙa'idarsu, kuma su da kansu suke ɗibar jini su auna, saboda haka takardar da wani zai gyara ba ta da amfanin komai. Haka za su auna gani da ji da hawan jini da zuciya, har da tsayin mutum a zaune da tsawon cinyarsa, domin ɗakin tuƙi da kujerar da ke cilla matuƙi waje lokacin haɗari suna da iyakar girman da suke ɗauka. A nan ina jan kunnen matasa game da cusa abin sauraro a kunne da ƙara mai yawa, domin jin da ya lalace ta wannan hanya ba ya dawowa. Idan ya tabbata ɗanka ba zai iya tuƙi ba, Alhaji, ka zaunar da shi ka gaya masa da taushin murya, sannan ku duba sauran fannonin da sharuɗɗansu suka dace da shi.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce daga Gombe. Shin mace tana iya cin wannan gwaji, ko an sassauta mata shi?

Amsa: 'Yata, allon kwamfuta da sandar tuƙi ba su san mace ko namiji ba, kuma waɗanda suka riga ki sun nuna ana iyawa. Blessing Liman, 'yar jihar Kaduna, ta zama mace ta farko matuƙiyar jirgin soja a Nijeriya. A Oktoban 2019 aka liƙa wa Kafayat Sanni fiffiken matuƙa a matsayin mace ta farko mai tuƙa jirgin yaƙi, rana ɗaya da marigayiya Tolulope Arotile, wadda ta zama ta farko a jirgin yaƙi mai saukar ungulu. Duk abin da na faɗa wa ɗan'uwanki na Zariya ya shafe ki. Idan kin yi carafke kina yarinya, kin riga kin san yadda ake cilla dutse sama, ido yana binsa, hannu yana kwasar na ƙasa, a kuma cafe shi kafin ya faɗi, kuma wannan shi ne tushen abin da ake aunawa. Inda na ga 'yan mata sun fi samun tangarɗa shi ne ƙarfin jiki, saboda makarantu da yawa ba sa ba su damar motsa jiki yadda ya kamata. Ki nemi yardar iyayenki tun yanzu, ki sami yayanki ko wata ƙawa ku riƙa gudu bayan sallar asuba, ki fara da kilomita ɗaya ki riƙa ƙarawa mako bayan mako, sannan ki duba sanarwar NDA ta bana ki ga tsayin da aka gindaya wa mata kafin ki biya kuɗin fom.